Bututu a Maƙogwaron Baba

Babanmu shi ke jan baƙi a tafsirin azumi a Damri tun kafin a haife ni. Muryarsa ce duk abin da ya mallaka, gona ma ƙannensa ke noma masa. Ana gab da azumi aka ce akwai tsakuwa a madaciyarsa, sai an yi aiki. Ni na kai shi asibiti a Mafara, don ni ce babba, kuma ni ce mai baki.

Zancen yanka bai dame shi ba ko kaɗan. Amma da likitar da ke sa barci ta ce za a zura masa bututun numfashi ta maƙogwaro, nan take fuskarsa ta canza. An taɓa yi wa maƙwabcinmu haka, ya dawo yana ta tari, murya a dishe.

"Ɗiyata," ya ce mata, "ciki dai ku yi yadda kunka ga dama. Amma wagga hanya, Alƙur'ani ka bi ta nan."

Na zaci dariya za ta yi, har na tanadar mata baƙar magana. Sai ta ja kujera ta zauna. Ta kawo irin bututun ya taɓa, ta ce ƙarami za ta zaɓa, za ta shafe shi da magani, sannan ta zura a hankali. Da safe kuma ta kawo wani ruwan magani, ta ce ya kurkure har maƙoshi ya tofar, kada ko ɗigo ya wuce, don ba a son komai a cikinsa.

"Alwalar mai azumi ke nan," in ji Baba. "Wannan na iya."

Ban taɓa ganin an yi kurkura da natsuwa irin wannan ba.

Da ya farfaɗo bayan aikin, na kasa kunne ina jiran tari. Shiru. Da aka yarda ya sha, na ba shi ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Wajen la'asar ya motsa baki, sai ga bisimilla, ƙasa-ƙasa amma tar, muryar nan tasa. Roba ta kwanta a maƙogwaron nan, inji ya yi masa numfashi, aka zare ba ko ƙwarzane. Wallahi har yau abin na ba ni mamaki.

Wani dattijo daga Gidan Goga da ke gadon gefe ya juyo da ƙyar, ya ce, "Malam, kada ka tsaya."

Baba ya ci gaba, ni kuwa na rufe fuska da mayafi na yi ta kuka.