Famfo a Wurina, Faci a Wurinsa

Shekarar da na yi ritaya daga ofishin ajiye bayanai ita ce shekarar da matata ta rasu, Allah Ya jiƙanta. 'Ya'yanmu duk suna Abuja. Sukan kira ranar Juma'a, su tambayi hawan jinina, su ajiye waya. Gidanmu na unguwar Yara a Keffi ya yi mini faɗi. Zaman majalisa kuwa bai taɓa karɓata ba, domin ba na iya jin an faɗi magana ba daidai ba in yi shiru, mutane kuma ba sa ƙaunar mai gyara musu labari. Saboda haka na fito da tsohon kekena, na sa aka gyara shi, na riƙa fita bayan gari da la'asar.

Idan aka bar kwalta aka bi hanyar gonaki, akwai wani tafki da aka tare ruwansa tun muna samari. Wani zirin ƙasa ya kutsa cikinsa, ruwa dama, ruwa hagu. Bakin shigarsa cike yake da masu wankin babur da tarin leda, abin da har yau ke ɓata mini rai. Amma wanda ya daure ya wuce zai ga hanyar tana tsukewa, hayaniya tana raguwa, har ya zamana ba ya jin komai sai ƙarar sarƙar kekensa. Akwai wata kanya mai inuwa, gaba da ita wani falalen dutse da zalɓe ke tsayawa a kai, sannan can ƙarshe wata giginya tilo, inda ƙasa ke ƙarewa.

Aibin hanyar ɗaya ne: ƙaya. Ran da na fara wuce kanyar, tayata ta baya ta sace. Ina da famfo, amma ban taɓa yin faci da hannuna ba. Ina tsaye ina bugun iskar da ke fita ta inda ta shiga, sai ga wani dattijo ya fito daga bakin ruwa, da fatsa a hannu, yana tura nasa keken. Ɗan ƙabilar Ibo ne, bakaniken mota da ya ajiye aiki, kuma Hausarsa ta Keffi ce tsantsa.

"Alhaji, haka za ka yi ta bugawa har magariba?" in ji shi.

"Ban je Hajji ba," na ce masa, domin ba na karɓar abin da ba nawa ba.

"To, Allah Ya kai ka, Alhaji. Kawo tayar."

Ya ciro wani gwangwanin madara daga aljihu, da gam da guntayen roba a ciki, ya liƙe hudar. Ashe shi ma tayarsa a sace take: yana da kayan faci, amma jikokinsa sun lalata masa famfo. Na buga masa iska. Da ya sake kirana Alhaji, sai na ce, "Tun da ka ba ni abin da ban yi wa wahala ba, ni ma daga yau Injiniya zan riƙa ce maka." Ya yi dariya har ya dafa sirdi.

Haka muka zauna tsawon damina biyu da ranin da ke tsakaninsu. Ban sayi kayan faci ba, shi ma bai sayi famfo ba, kuma babu wanda ya taɓa ta da zancen. Wanda ya riga isowa yakan jira a gindin kanya, domin babu mai shiga cikin ƙayar nan shi kaɗai. Mukan tuƙa zuwa giginya, shi ya jefa fatsa, ni in shimfiɗa buhu in zauna. Hirarmu ba ta da yawa. Yakan ce kifin tafkin nan ya fi ma'aikatan gwamnati wayo, ni kuma in ce aƙalla ma'aikaci yakan zo ofis wani lokaci. Ban tambayi sunansa ba. A tarbiyyar da aka yi mini, ba a duban dattijon da ya girme ka a ce masa wane ne sunanka, kuma bayan an saba, tambayar takan zama abin kunya.

Wata rana bai zo ba. Na jira a gindin kanya har rana ta yi ja, na koma. Washegari ma haka. Da abin ya daɗe, sai tsoro ya kama ni cewa yana kwance ba lafiya, ko kuma abin da ya fi haka, ni kuwa ban je na gaishe shi ba. Abin da na sani kawai shi ne ya taɓa ambatar unguwar Jigwada.

Na shiga garejojin unguwar ɗaya bayan ɗaya ina tambayar Injiniya. Wani bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Baba, nan kowa injiniya ne, har mai wanke taya." Sai da na ambaci keke da fatsa sannan wata mai sayar da abinci ta nuna mini wani shagon kayan gyaran mota. Matar da ke ciki 'yarsa ce. Tana ganin famfon da ke ɗaure a kekena ta miƙe.

"Kai ne Alhajin Papa?"

A karon farko ban gyara ba. Na ce ni ne.

Ta ce jikinsa ya ɗan motsa, yayyenta maza suka zo da mota suka tafi da shi ƙauyensu a kudu. "Baba, haka muke yi. Tsoho ba ya ƙarasa kwanansa a baƙon wuri. Gida ake kai shi, kusa da iyayensa."

"Baƙon wuri?" na ce. "'Yata, mutumin da ya shigo garin nan da ƙuruciyarsa, ya haife ku a nan, ya san kowace ƙaya ta bakin tafki, shi ne baƙo a Keffi?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ya roƙe su su biya da shi ta tafki ya yi sallama, suka ce mota ba ta shiga can. Na san ba laifinta ba ne, kuma ba ni da hurumin tsoma baki a al'adar mutane, amma har yau ina ganin an yi masa ba daidai ba, ni ma an yi mini.

Ta kira shi a waya ta miƙo mini. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Alhaji, ka je giginya?"

"Da wane faci zan je, Injiniya?"

"Na bar maka gwangwanin. Ka goge robar sosai kafin ka shafa gam, kuma ka jira ya sha iska. Kai ba ka da haƙuri."

Na ce Allah Ya ba shi lafiya, ya yafe mini idan na taɓa ɓata masa. Ya ce shi ma haka. Layin ya yanke, ta sake gwadawa bai shiga ba. Ta ɗauko gwangwanin daga bayan kantar shagon ta ba ni.

Da la'asar ɗin nan na wuce kanya ni kaɗai. Kusa da falalen dutse taya ta sace. Na zauna na goge robar, na shafa gam, na jira kamar yadda ya ce. Facin ya riƙe har giginya. Na shimfiɗa buhuna a gefe guda, na bar wurinsa yadda yake, na zauna ina kallon ruwa har lokacin komawa ya yi.