Kifin Teku da Idon Suruki

Har yau in an taɓo maganar teku a majalisa sai in tashi. Ba tsoron ruwa nake ba. Ruwan dam ɗin Tiga ya cinye mana gida da gona ina kallo, ban yi kuka ba. Abin da ke cina daban ne.

Bayan an tashe mu, muka koma kamun kifi, mu da ba mu san komai ba sai fartanya. Wani direban motar goro ya cika wa surukina kunne da labarin Badagiri, can bayan Ikko: wai tarunsu ya fi, wasan kwale-kwalensu abin kallo ne, kifinsu kuwa wanda bai ci ba bai zo duniya ba. Tsoho ya ce sai ya je. Ni aka ɗauka tafinta, saboda 'yar firamaren da na yi ban gama ba.

Sai da muka sauka na gane ramin da na faɗa. A wajenmu ba a cin abinci gaban suruki. Shi kuma bai jin ko kalma ɗaya ta mutanen, don haka ƙafata ƙafarsa.

Matar mai masaukinmu ta ajiye teba da miyar manja, ga soyayyen kifi kamar damtsena, ga jatan lande. Tsoho ya naɗe hannun riga.

"Bismilla mana."

"Alhamdulillahi, Baba, a ƙoshe nake."

"To, madalla." Ya jawo kwanona ya haɗa da nasa.

Haka muka yi ta yi. Ana kiɗa a bakin ruwa, matasa na tseren kwale-kwale, ni hancina na wurin mata masu suya. Shi yana tsotsar ƙafar ƙaguwa yana cewa, "Tambayi mai suyar me ta sa a ciki." In tambaya, in fassara masa daɗin abin da ban ɗanɗana ba. Matar gidan ta daina amsa gaisuwata, ta ɗauka ƙyamar girkinta nake. Yaya zan bayyana mata kunya da Turancin aji huɗu? Busasshen burodi nake tusawa a baki in ya juya baya, kamar ɓarawo.

Ranar komawa ya zaga yin alwala. Na ruga na sayi kifi mai zafi a ganye, na tsuguna bayan wani kwale-kwale da aka kife. Na buɗe ke nan, na ji takun takalminsa.

"Me ka samu?"

"Naka ne, Baba. Guzuri."

"Allah ya yi maka albarka." A tsaye ya cinye shi, har kai.

Sai da motar ta wuce Zariya, an fara shaƙar iskar gida, ya gyara zama yana sakace.

"Wai kai ba ka son kifi ne?"

"Ina so, Baba."

"To me ya hana ka? Ai babu kunya a tafiya. Na ɗauka cikinka ne ba lafiya."

Da muka iso aka taru ana tambayar kifin teku. Ya nuna ni da sanda ya ce, "Kada ku tambayi wannan, bai iya cin komai ba sai tuwo."

Tsoho ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ban sake ganin teku ba, kuma maganar tuwon nan ta zame mini suna, ya bi ni har yau.