Juma'a Uku Baba Yana Kujerar Baya

Motata 'yar Kwatano ce, ni ne na huɗu ko na biyar da ya riƙe ta, amma a Utai sabuwa ake ce mata. Duk Juma'a nakan je in ɗauko Baba zuwa kasuwar Wudil. Gaba yake zama, gwiwar hannu a taga, yana amsa gaisuwar mutane kamar shi ya saya.

Wata rana abokin aikina ya nuna min a waya cewa kamfanin da ya ƙera irin motar yana kira a kai ta gyara. Wai jakar iskar da ke ɓoye a gaban kujera, wadda aka yi don ta tare mutum in an yi karo, takan fashe da guntayen ƙarfe ta yanki fuska da wuya. Wai zafi ne ke lalata ta. Zafi kuwa a Wudil ba sai an aika a sayo ba. Gyaran kyauta ne, har wasiƙa sun aika wa mai motar, wato Baturen da ya gaji da ita tun ina makaranta. Ina fatan ta same shi lafiya.

Na je wajen dilan da ya sayar min a Kano. Ya saurare ni tsaf, ya ce Allah ya tsare, sannan ya tambaya ko ina buƙatar taya. Bakanikena kuma ya ce zai cire ƙwan fitilar da ke nuna alamar jakar, don hankalina ya kwanta. Na gode masa da wannan zurfin ilimi.

Sai na yanke hukunci Baba ya koma baya. Don kada in tsorata tsoho, na ce masa kujerar ce ta lalace. Juma'a uku yana baya, bai ce uffan ba, ya daina leƙa taga. Nan da nan labari ya zaga Utai cewa boko ya sa na mai da ubana kaya. Gwaggona har ta aiko a tambaya ko kunyar a gan ni da shi nake ji. Abin ya yi min ciwo, amma shirun Baba ya fi.

A Juma'a ta huɗu ya tsaya jikin mota ya ƙi shiga. Dole na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallon sitiyari.

"Kai a gabanka babu irin jakar?"

"Akwai, Baba."

"Ni da na gama cin zamanina ka ɓoye a baya, kai mai ƙananan yara huɗu ka zauna a bakinta?"

Ya zura hannu ya zare mukullin, ya jefa a aljihu, muka taka zuwa bakin titi. Direban motar hayar da muka tsayar ya ga dattijo, ya girmama shi: ya cusa mu biyu a kujerar gaba. Baba ya riƙe hannuna har gadar Wudil, ni kuwa ban tambayi direban komai game da motarsa ba.