Wurina a Bakin Tire

A gidanmu na unguwar Sharafiyya, mu maza, ni da yayana da ƙaninmu da kawunmu, a tire ɗaya muke cin abinci ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kawuna, ƙanin Umma, direba ne can unguwar Abhur, ranar kaɗai yake samun zuwa. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke yaga kaza ya tura wa kowa rabonsa gabansa. Wanda bai tura wa ba, ya san akwai magana.

Ina shekara ta biyu a kwalejin koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki na yanke shawarar daina ɓoye cewa maza nake so, ba mata ba. Ban yi garaje ba. Na san garin da nake. In maganar ta fita waje, karatu ya tafi, iƙama, takardar izinin zamana a ƙasar, ta bi shi, a kai ni ƙasar kakanninmu da ban taɓa gani ba. Don haka na tsara waɗanda zan gaya wa, ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da abokin karatuna, ɗan Chadi, muna kwance wani inji. Ya ce, "Na ji, kuma bakina a rufe yake. Yalla, riƙe min nan kafin malam ya zagayo." Washegari ya ajiye min kujera kusa da shi kamar kullum.

Sai yayana. Ya saurara har na gama, ya tashi ya fita. Juma'ar da ta biyo baya, Kawu bai samu zuwa ba. Na tarar da shinkafata a ƙaramin faranti, an ajiye a bakin ƙofa kusa da takalma. Na zauna na ci.

Da na ba abokina labari, ya ce, "Ka ci? A wajen takalma? Ai ko kyanwa an fi mutunta ta. Kada ka sake. In sun kore ka, akwai katifa a ɗakina."

Juma'a ta gaba Kawu ya zo. Ya wanke hannu, ya hango farantin an sake ajiye shi a bakin ƙofa, ya tambayi na wane ne.

Yayana ya ce, "Tambayi ɗanka."

Na gaya masa kamar yadda na gaya wa sauran, ban ƙara ba, ban rage ba. Sannan na ɗauki farantin, na juye shinkafar cikin tire, na zauna a wurin da nake zama tun ina yaro. Na ce, "Yaya, hannun da na ci da shi bara, shi ne wannan. In ba za ka ci da ni ba, kai za ka tashi."

Yayana ya janye hannunsa ya dubi Kawu. "Ka ji shi ko? Ka yi magana mana."

Kawu bai dubi kowa ba. Ya yi bismilla, ya ja kazar, ya yaga. Ya tura wa yayana ƙirji, ya tura wa ƙaninmu fiffike, sannan ya turo cinya gabana.

Ya ce, "Ban gane wannan magana ba, kuma ba ta yi min daɗi ba. Amma ba za ta wuce ƙofar nan ba, kuma ɗan 'yar'uwata ba ya ci a wajen takalma. Halas, magana ta ƙare. Ku ci."

Yayana ya tashi ya bar ƙirjin. Har yau in ina gida ranar Juma'a, a ɗakinsa yake ci, kuma ban taɓa roƙonsa ya dawo ba. Na gama kwaleji daga gidan nan. Farantin yana nan, Umma na zuba dabino a ciki.