Japanancin da Kawu Masawudu Ya Koya a Mota

Kawuna Masawudu ɗan zangon Kumasi ne, ajin firamare huɗu kawai ya yi. Shekara ashirin da uku yana tuƙa manyan wani kamfanin Japan a Landan kafin ya ajiye aiki. Mu a gida direba muka san shi, mai yawan shiru, wanda ba ya fashin jam'i a masallacinsu na Tottenham.

Ni sabulun man kaɗe nake yi a kicin ɗina a unguwar Abbey Wood, nan Landan. Bara wata dattijuwa, Madam Okabe, mai shagunan kayan shafa a Osaka, ta sayi ɗaya a kasuwar Asabar, ta aiko cewa mu haɗu a wani otal kusa da Charing Cross kafin ta koma. Na sa waya ta haɗa mini jimla ɗaya da Japananci don in burge ta. Ina cikin haddacewa Kawu ya zo ziyara. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce in maimaita.

"Suweiba, wannan shigoto da kika faɗa, aiki ne. Za ta zaci albashi kike nema a shagonta."

Na tsaya ina kallonsa. Ya ce akwai shobai, saye da sayarwa don riba, amma baƙo ba ya buɗe baki da ita. Akwai eigyo, yawon neman masu saye. Abin da nake so shi ne torihiki, hulɗar da gida biyu ke ƙullawa su daɗe a kai, kuma in sa mata "o" a gaba don ladabi. Ko harafi ɗaya na Japananci bai iya karantawa ba. Duk daga kujerar gaba ya tsince su: yana jin kalma, ya lura da wanda aka faɗa wa, da yadda fuskarsa ta koma.

Na roƙe shi ya raka ni. Ya sa tsohuwar kwat ɗinsa, muka hau jirgin ƙasa na Elizabeth line. A otal ya miƙa mata katin sana'ata da hannu biyu, ya yi magana a hankali, da wata murya da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Matar ta miƙe tsaye. Ta tambaye shi jami'ar da ya yi, ya ce mota ce. Sai ta rusuna masa sosai.

Da za mu rabu ta ce za ta duba maganar. A hanya ina ta murna, Kawu ya ce in dakata, sau da yawa "za mu duba" a bakinsu a'a ce cikin mutunci.

"Amma ta ƙara maemuki, wato fuska na kallon gaba. Wannan kam mu sa rai."

Bayan mako biyar saƙonta ya zo, tana son kwali shida na gwaji. Na kira Kawu na faɗa masa. Ya yi hamdala, ya ce in kula da naɗin takardar sabulun, don za su duba kusurwoyin kafin su shinshina.