Fitilar Musaddiq da Takalman Surukinsa

Musaddiq ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, saboda haka duk abin da na rubuta a nan ba shi da inda zai kai ni ƙara. Bawana ne tun ranar suna.

A cikin garin Daura aka haife shi, shekara talatin da huɗu ke nan. Gwaggo Haulatu ta ce da ya faɗo bai yi kuka ba sai da ya ce "halo, halo" sau biyu don ya gwada ɗakin. Wannan ban gani ba. Abin da na gani da idona shi ne rediyon kakanmu, wanda ya farke yana aji uku na firamare don ya ga inda masu labarai ke zama. An yi masa dukan da har a Baure aka ji, amma da yamma ya mayar da rediyon yadda yake, har ya fi da kamawa.

Da ya girma ya buɗe shago a bakin hanyar Kongolam, wadda ke kai wa iyakar Nijar: lasifika huɗu, amfilifaya ɗaya, janareto mai tarin fuka, da wayoyin da in aka miƙe su za su kai Saudiyya su dawo. Biki, suna, walima, wa'azi, daga Daura zuwa Mai'adua, shi ake kira. Yana ci, yana sha, ba ya roƙon kowa. Amma zuciyarsa ba a nan take ba. Abin da yake so tun yana saurayi shi ne aiki a babban dandamali, irin na bukukuwan kiɗa inda fitilu ke juyawa, mutum dubu suna ihu. In yana kallon bidiyon irin wannan biki a waya, da an nuno mawaƙi sai ya yi tsaki. Jira yake kyamara ta ɗaga sama, ya tsayar da hoton, ya ƙirga fitilu. Ya nemi aiki a wajen masu manyan kaya a Kano har sau biyar. Kowa tambayarsa ɗaya: "A wane dandamali ka taɓa aiki?" In ya ce bikin 'yar Alhaji wane a Mai'adua, sai a yi masa addu'a a kashe waya.

Matarsa Amatullah 'yar garin Babban Mutum ce, mahaifinta Baba Isyaku mai kukuma, tsoho dogo mai yawo da kiɗansa kasuwa-kasuwa. A nan sai in faɗi irin kunyar Musaddiq. Kowa yana jin kunyar suruki, amma tasa ta fi ƙarfin likita. Shekara shida da aure bai taɓa ganin tsohon daga gwiwa zuwa sama ba. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya gaida ƙasa, ƙasa ta amsa, ya tashi ya gudu. Da 'yan sanda za su ce ya kwatanta musu surukinsa, abin da zai iya faɗa shi ne fatar takalminsa ja ce, ƙafa ɗaya ta sha ɗinki.

Bara wasu samari suka shirya bikin kiɗa na kwana uku a wani fili bayan gari. Aka ɗauko kaya daga Kano cikin babbar mota, da mai kayan, wani gajere mai yawan gumi da ake kira Oga Sabiru. Tun motar ba ta gama tsayawa ba Musaddiq ya rufe shago ya je ya ce a ba shi ko wane aiki, ba ya son ko sisi, koyo yake so. Ranar farko waya ya yi ta ja a rana. Rana ta biyu wata lasifika ta kama gurnani, yaran Oga suka yi ta lalube, shi kuwa ya karkata kai ya saurara, ya je ya taɓa waya ɗaya, gurnani ya ɗauke. Oga Sabiru ya dube shi sama da ƙasa.

"Gobe za ka hau babbar fitila," in ji shi. "Wadda ake juyawa da hannu tana bin mawaƙi. In ka riƙe ta daidai, akwai kujera ɗaya a motata. Mu ƙetara Kongolam tare, Damagaram, Maraɗi, wata huɗu muna aiki. Dokarta ɗaya ce: idonka a fuskar mawaƙi. Inda idonka ya je, nan haske zai je."

Musaddiq ya zo gidana yana tafiya kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya ce, "Na samu." Na ce, "Bawana, a kawo mini tsarabar dabino." Ko ramawa bai yi ba. Ranar har jaka ya haɗa.

Rana ta uku bayan sallar isha'i ya hau hasumiyar ƙarfe ya sa abin magana a kunne. Ni na kutsa na tsaya kusa da teburin Oga don in ba da shaida. Mawaƙa biyar suka hau suka sauka, wallahi haske ya manne musu kamar da ƙaro aka liƙa. Wani yaro mai tsalle-tsalle ya yi ƙoƙarin tserewa, hasken ya riga shi isa inda za shi. Oga yana gyaɗa kai yana share gumi.

Sai mai gabatarwa ya ce mawaƙi na shida motarsa ta lalace a hanya, amma an samo dattijo na gida da zai riƙe wurin: Baba Isyaku mai kukuma daga Babban Mutum! Ashe tun da rana aka aika masa. Amatullah ta sani, ta yi shiru don ta ɗauka abin farin ciki ne, mijinta zai haska ubanta. Shekara arba'in tsohon yana kiɗa a ƙasa, bai taɓa taka dandamali ba sai ranar.

Tsoho ya fito cikin farar riga. Haske ya tarye shi, ya taɓa hularsa, sai ya zame ƙasa kamar an tsinke masa igiya, ya tsaya cak a kan takalma.

"Ɗaga," in ji Oga a hankali. "Musaddiq, ɗaga."

Haske ya hau zuwa gwiwa, ya yi rawar sanyi, ya koma.

"Fuska! Fuska na ce! Kai, takalmi ne zai yi waƙar?"

Jama'a suka fara. "Ga takalmi, ina mai shi?" "A ɗaga mana mu ga Baba!" Tsoho bai san wanda ke sama ba. Da ya ga haske yana ƙasa, sai ya rusuna da kukumarsa don ya shiga cikinsa. Yana rusunawa haske ya ja da baya. Ya matso, haske ya gudu. Haka suka zagaye dandamali, tsoho yana bi a duƙe yana kiɗa, haske yana neman wurin ɓuya. Can Musaddiq ya yi ta maza, ya rufe ido ya ɗaga fitilar da ƙarfi. Sai ga mai tsire a can bayan fili cikin haske tar, da wuƙa a hannu, yana kare fuska. Oga ya tura yaronsa ya karɓi fitilar waƙa ba ta ko kai rabi ba.

Washegari Oga Sabiru bai yi faɗa ba. Da aka yi masa bayani ya yi dariya har ya zauna a kan akwati. Ya ce, "Hannunka mai kyau ne, kunnenka ya fi. Amma ba zan ɗauki mutumin da sai na binciki dangin matarsa kafin in tsara dandamali ba. Baɗi za mu dawo, ka sake gwadawa." Da hantsi motar ta wuce ta gaban shagon Musaddiq ta nufi Kongolam. Yana tsaye har ta ɓace, ya ƙara tsayuwar da ta isa a dafa wake.

Da labari ya kai Babban Mutum, Baba Isyaku ya aiko a kira ni, tunda su biyun ba sa iya magana. Ya ce, "Yaro, masu bikin sun ce in dawo baɗi, da sunana a takarda. Na so hakan, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa jin kukumata ta fita haka ba, har a ƙirjina nake jin ta. Amma ka gaya wa mijin Amatullah ba zan je ba. Ya hau fitilarsa."

Na kawo saƙo. Musaddiq ya daɗe yana naɗe wata waya a gwiwar hannu. Ya ce, "Ka koma ka ce wa Baba ni ne ba zan je ba. A ce ni na sauko da shi daga dandamali? Da wane ido zan dubi 'yarsa?"

"Da wanda kake duban takalminsa," na ce. Ya jefe ni da filaya.

Sau huɗu na yi wannan hanya a kan babur, har karnukan Babban Mutum suka san ni. Kowa ya kafe shi ne zai haƙura.

Bana bikin ya dawo. Tsoho bai zo ba, Musaddiq bai je ba. Da la'asar ɗin ranar farko na same shi a bakin shago, ana jiyo gwajin lasifika daga bayan gari, iska na kawowa tana ɗaukewa. Ya juya kujerarsa ta fuskanci wajen.

"Ka leƙa?" ya tambaye ni.

"Na leƙa. Oga ya tambaye ka. Na ce kana nan."

"Wa ya ba fitilar?"

"Wani ɗan Mai'adua. An ce shi za a tafi da shi."

Ya karkata kai yana sauraren gwajin.

"Yana da aure?"

"Babu."

"To," in ji shi. "Zai yi nisa."