Ranar da Migdalia Ta Kama Sitiyari

A tashar jiragen ruwa ta Samaná, shekara goma sha tara ana kiran Migdalia Kelly da suna Mai Bokiti, kuma ba ta taɓa nuna ya dame ta ba. Aikinta ke nan a jirgin Don Anselmo. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da bayena, manyan dabbobin teku masu kama da kifi, ke shigowa ruwan garin su haihu, kowace ta fi tirela girma, angwaye da amare kan cika jirgin don su je kallo. Suna shiga da fararen kaya, hannu cikin hannu, ana ɗaukar hoto. Da an bar bakin teku igiyar ruwa ta fara jijjiga su, sai fuskoki su sauya. A nan Migdalia ke zagayawa da bokiti da tsumma mai sanyi da yankakkiyar citta, tana dafa goshin wannan, tana ɗaure wa waccan gashi.

"Kalli can nesa, 'yata, inda sama ta haɗu da ruwa," takan ce. "Kada ki kalli mijinki, shi ma ta kansa yake yi."

Ita kam ruwa bai taɓa juya mata ciki ba. Mahaifinta masunci ne a ƙauyen Los Cacaos, kuma da yake bai sami ɗa namiji ba, ita ya riƙa ɗauka a kwale-kwale tun tana shekara bakwai. A aji huɗu ta bar makaranta. Karatun takarda ya tsaya mata nan, amma ta san inda duwatsu suke kwance a ƙarƙashin ruwa, ta san iskar da ke tasowa bayan tsakar rana. Da ta girma ta auri Wilfrido ɗan acaba, suka haifi 'ya ɗaya, Yokasta. Rannan ta je wurin Don Anselmo ta ce tana son ya koya mata tuƙi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya miƙa mata bokiti.

Ta karɓa. Sai dai idonta bai bar hannunsa ba. Idan inji ya ƙi tashi, ita ke riƙe masa sifana. Idan zai sha kofi yakan ce, "Riƙe min nan, kada ki taɓa komai." Kofin da ake shanyewa a minti biyu, a hankali ya koma rabin sa'a, amma sai in sun yi nisa, inda sauran matuƙa ba za su hango su yi masa tsiya ba.

Abin ya faru ne wata Talata a watan Fabrairu, tana da shekara arba'in da takwas. Mutum goma sha huɗu suka ɗauko, har da wasu ango da amarya daga garin Santiago, Reinaldo da Yamilé, kwanansu huɗu da ɗaurin aure. Amaryar tun fitowa take amai, shi kuwa angon yana gaban jirgi da waya a hannu. Sun sami wata bayena da ɗanta, uwar tana turo shi sama da hanci ya shaƙi iska, kowa ya zuba ido yana kallo. Migdalia ce kaɗai ta lura jirgin yana karkata yana ba igiyar ruwa gefensa, abin da Don Anselmo bai taɓa bari ya faru ba. Ta waiwaya ta gan shi ya kife a kan sitiyari.

Ta ajiye bokitin ta isa wurinsa. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki, yana son yin magana harshe ya ƙi. Ta kira maza biyu suka kwantar da shi a ƙasa, ta dubi amaryar da ke zaune fuska duk zufa.

"'Yata, zo ki ɗora kansa a cinyarki. Juya shi ta gefe, ki riƙa yi masa magana, ko me ya zo bakinki."

Yamilé ta rarrafo ta yi yadda aka ce. Migdalia ta ɗauki oba-oba ta sanar da tasha a tanadi motar asibiti, sannan ta juya kan jirgin.

Angon ya taso. "Baba, tsaya tukuna. Ke za ki tuƙa mu? Ba gara mu jira wani jirgin ba?"

"Jirgin da ya fi kusa sai ya yi minti arba'in kafin ya iso. Mutumin nan ba shi da minti arba'in. Zauna kusa da matarka, ka riƙe mata bokiti."

Ya zauna. Iska ta riga ta taso, ruwa yana dukan jirgin yana watsowa ciki. Hanyar da aka saba bi ta zagaya bayan tsibirin Cayo Levantado, tana da nisa. Akwai wata ta tsakanin duwatsu wadda mahaifinta ke bi da kwale-kwale, ba ta taɓa ganin jirgi mai girman wannan ya bi ta ba. Ta rage gudu, ta saita hancin jirgin da wata doguwar bishiyar kwakwa a kan tudu kamar yadda mahaifin nata ya koya mata, ta shiga. Sau ɗaya ta ji ƙasan jirgin ya gogi wani abu, amma suka wuce. A bayanta tana jin muryar Yamilé tana ba Don Anselmo labarin yadda tela ya ɓata mata rigar biki.

Da suka iso, matuƙa sun cika tasha. Ta jingina jirgin da gadar katako a hankali, ko ƙara bai yi ba. Aka ɗauke Don Anselmo. Wani tsohon matuƙi ya karɓi igiya ya ɗaure mata, aikin da ita ta saba yi wa wasu. Ta wanke jirgin kamar kullum ta tafi gida. Sai da Wilfrido ya ajiye mata kifi da romon kwakwa sannan ta zauna ta yi kuka mai isarta.

Don Anselmo ya rayu, amma hannun bai dawo ba. 'Ya'yansa suka ɗauko wani matuƙi daga wani gari, domin Migdalia ba ta da lasisi, kuma lasisi sai da jarrabawa a rubuce. Ta koma kan bokitinta. Yokasta, wadda a lokacin take koyarwa a firamare, ta samo littafin dokokin ruwa, suka riƙa zama a ƙofar gida kowace Lahadi bayan coci, uwa tana bin layi da yatsa.

"Mama, wannan kin san shi, kullum kina yi."

"Na san shi a ruwa. A takarda ne yake min kallon baƙuwa."

Karon farko ta faɗi. Ta yi wata biyu ba ta buɗe littafin ba, har Don Anselmo ya sa aka turo shi a keken guragu zuwa gidanta. Da karkataccen bakinsa ya ce, "Kin goge min ƙasan jirgi, kuma ki ce za ki zauna? Koma." Shekara ta zagayo ta koma, ta ci.

Babban jirgin dai ba a ba ta ba. Wata mai masauki a bakin teku ce ta ɗauke ta ta riƙa tuƙa ƙaramin jirginta mai cin mutum takwas. Yanzu shekararta hamsin da biyar. Lokacin bayena tana kai baƙi kallo, sauran watanni tana kai amare tsibiri su yi iyo su ci gasasshen kifi, ta dawo da su kafin iska ta taso. Gwiwa ta fara damunta, likita ya ce ta rage tsayuwa. Wilfrido ya ƙera mata doguwar kujera ya kafa a bayan sitiyari, takan zauna a kai idan ruwa ya kwanta.